Gansakuka Da Hunturu: Shirin Da Ke Gaban Masu Kiwon Kifi A Bayan Gida

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya zaga gidajen ma'aikata a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Jos a 'yan shekarun nan, da wuya ya ƙare layi guda bai ga tankin siminti ko na tamfol a bayan gidan wani ba. Kiwon kifi, musamman tarwaɗa, ya zama abin da ma'aikaci yake rufa wa albashinsa asiri da shi, kuma akwai waɗanda suka zuba kuɗin sallamarsu kacokan a cikinsa bayan sun yi ritaya. Har ɗalibai ma sun shiga, wasu don aikin makaranta, wasu don neman na kashewa. Ba abin mamaki ba ne, domin Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon irin tarwaɗar nan ta Afirka, kuma a nahiyar nan Masar ce kaɗai ta fi ta yawan kifin kiwo.

To, amma akwai wani lokaci a shekara da yake raba masanin aikin da wanda ya shigo don ya ga ana yi. Lokacin kuwa shi ne hunturu, watau daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin Fabrairu. Ni kaina a hunturun farko da na yi ina kiwo, da tarwaɗa ɗari uku a tanki, na ci gaba da zuba musu abinci safe da yamma kamar yadda na saba tun damina. Na lura ba sa rububinsa kamar da, amma ban kawo kome a raina ba. Cikin kwana uku ruwan da yake kore shar ya koma ruwan ƙasa-ƙasa yana ɗan wari, da na fito da asuba ranar ta huɗu sai na tarar da fiye da arba'in sun juya ciki sama. Na zargi mai sayar da abincin, na zargi wanda ya sayar mini da 'ya'yan kifin. Sai daga baya na gane cewa laifin nawa ne, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, kifi ba ya riƙe ɗumin jikinsa kamar mutum ko akuya. Zafin jikinsa yana bin na ruwan da yake ciki. Tarwaɗa ta fi cin abinci da girma idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30 a ma'aunin santigired. Da zarar ya gangaro kusa da 20, sai narkewar abinci a cikinta ta yi nawa, ta rage ci, girma ya tsaya. Karfasa kuwa ta fi ta raki: tana daina haihuwa idan ruwa ya sauko wajen digiri 20, ta daina cin abinci a wajen 16 ko 17, idan kuma ya daɗe a ƙasa da 12 sai ta fara mutuwa. A Kano, sanyin dare a watannin Disamba da Janairu yakan sauko wajen digiri 13 ko 14, a tsaunukan Jos kuma akan sami dararen da yake yin ƙasa da 10. Ƙaramin tanki mai ruwa ƙafa biyu da ke fili, wanda busasshiyar iska take kaɗawa a kansa dare farai, ba shi da abin da zai kare shi. Yadda randa take sanyaya ruwa saboda tsattsafowar da iska ke busarwa, haka iskar hunturu take yi wa fuskar tankin.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato a shekarar 1951, ba a daɗe ba aka kawo wani kifi da Turawa ke kira kaf daga ƙasar Ostiriya a 1954, kifin da ya saba da ruwan sanyi tun asalinsa. Mu kuwa yau kifin ƙasar zafi muke kiwo a tankunan da ba su da zurfi, saboda haka dole dabara ta cike abin da halitta ba ta bayar ba.

Gansakuka: Abokiya Ko Abokiyar Gaba?

Yawancin sababbin masu kiwo suna ganin ruwa ya yi kore sai hankalinsu ya tashi, su ɗauki buroshi su kankare bangon tanki, su zubar da ruwan duka su cika sabo. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Koren nan ƙananan tsirrai ne da ido ba ya ganin ɗaya-ɗayansu, kuma suna yin aikin da ganyen bishiya yake yi: da rana suna amfani da hasken rana su saki iskar oksijin a cikin ruwa, suna kuma shanye wani ɓangare na gubar amoniya da ke fitowa daga jikin kifi da ruɓaɓɓen abinci. Karfasa ma cin su take yi, shi ya sa masu kududdufin ƙasa suke zuba kashin kaji da gangan don ruwa ya yi kore. Bugu da ƙari, ruwa mai ɗan duhu yana sa tarwaɗa ta natsu, ta rage faɗa da cizon 'yan'uwanta, domin kifi ce mai son duhu.

Inda gizo ke saƙar shi ne da dare. Idan rana ta faɗi, gansakuka ta daina sakin oksijin, ta koma shaƙarsa tare da kifin da kuma ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazantar ƙasan ruwa. Saboda haka iska takan yi ƙaranci ƙwarai gab da fitowar alfijir. Wanda yake son ya san lafiyar ruwansa, to ya duba shi bayan sallar asuba, kada ya bari sai ya dawo daga ofis da la'asar, lokacin da kome yake kama da lafiya lau. Idan ya ga karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, gansakukar ta yi yawa. Tarwaɗa kuwa tana yaudarar mai ita, domin Allah ya hore mata wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, sai ta jure ruwan da zai kashe karfasa cikin sa'a kaɗan. Jurewar ba lafiya ba ce. Ƙarfin da za ta yi girma da shi yana tafiya wajen hawa da sauka neman iska, jikinta kuma yana raunana.

Yaya mutum zai san yawan da ya dace? Akwai wani farin faifai da ake ɗaura wa igiya a zura cikin ruwa har ya ɓace wa ido, sannan a auna tsawon igiyar. Wani malamin Italiya mai suna Anjelo Sekki ne ya fara amfani da shi a tekun Bahar Rum a shekarar 1865, kuma har yau da sunansa ake kiran faifan. Amma ba sai an sayi kome ba. Mutum ya tsoma hannunsa cikin ruwa, tafin hannu yana kallon sama. Idan tafin ya ɓace daidai lokacin da ruwa ya kai gwiwar hannu, watau kimanin santimita 30 zuwa 40, ruwan ya yi daidai. Idan ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu da nisa ba, koren ya yi kauri, sai a rage abinci, a daina zuba taki, a canja wani kashi na ruwan. Idan kuwa ana hango tafin har ruwa ya kusa kafaɗa, to kududdufin karfasa yana bukatar taki, ko da yake a tankin tarwaɗa da ake ciyarwa da abincin buhu wannan ba abin damuwa ba ne.

Gansakuka iri-iri ce. Akwai mai zare-zare kamar gashi, wadda take kama bango ko ta yi tabarma a saman ruwa. Wannan ba ta da amfani sosai ga kifi, tana sarƙe ƙananan kifi, kuma maganinta shi ne a sa sanda a nannaɗo ta a fitar, a kai ta lambu ta zama taki. Akwai kuma wadda ta fi kowace haɗari, mai launin shuɗi-kore, wadda take kwanciya a saman ruwa kamar an zubar da fenti, iska ta tura ta kusurwa guda. Masana sun tabbatar cewa wannan a haƙiƙa jinsin bakteriya ce, wasu daga cikinta suna fitar da dafi mai lahanta hanta, kuma ita ce takan sa naman kifi ya riƙa warin taɓo har mai saye ya ƙi dawowa. Idan aka gan ta a kwashe da kyalle ko ƙaramar koma mai ƙananan idanu, kada kuma a bar awaki ko kaji su sha wannan ruwa.

To, me ya haɗa wannan duka da hunturu? Hazo. Idan ƙura ta turnuƙe sama kwana uku ko huɗu, rana ta zama kamar farin wata, hasken da gansakuka take rayuwa da shi sai ya ragu, ga kuma sanyi. Idan dama ta yi kauri tun kaka, sai ta mutu gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Mutuwarta bugu biyu ce: mai ba da oksijin da shanye amoniya ta tafi, ga kuma gawarta ta kwanta a ƙasa tana ruɓewa tana cinye sauran iskar. Alamar ita ce ruwan kore ya rikiɗe zuwa ruwan ƙasa ko ya yi garau ba zato. Idan aka haɗa wannan da abincin da kifi bai ci ba, to ga abin da ya faru a tankina.

Akwai magungunan kashe gansakuka a kasuwa, yawancinsu masu sinadarin tagulla. Shawarata ita ce mai kiwon bayan gida ya nisance su. Ma'aunin da zai kashe gansakuka bai da nisa da wanda zai kashe kifi, musamman a ruwan da ba shi da sinadarin farar ƙasa sosai, kuma ko an yi sa'a kifin ya tsira, an dai jawo da hannu irin mutuwar farat ɗayan da ake gudu.

Aikin Watan Oktoba Da Nuwamba

Shirin hunturu a kaka ake yin sa, tun ruwa yana da ɗumi kuma kifi yana da ƙarfin jure taɓawa. Abu na farko shi ne yanke shawara kan kifin da ya isa sayarwa. Tarwaɗar da ta kai kilo guda ba za ta ƙara wani abin kirki ba a Disamba da Janairu, ga shi kuma kasuwa tana motsawa a ƙarshen shekara saboda bukukuwa. A sayar da manyan, ko a banɗare su, a rage cunkoso. Sauran a tantance su gwargwadon girma, domin babbar tarwaɗa ba ta jin kunyar haɗiye ƙaramarta.

Na biyu shi ne ƙazantar ƙasa. A tankin siminti ko tamfol, a sa tiyo a zuƙe baƙar lakar da ta taru, a bar siririn koren da ke manne a bango, domin a cikinsa ne ƙwayoyin da ke sarrafa amoniya suke zaune. Wanda yake da kududdufin ƙasa kuma ya kwashe kifinsa duka, to ya janye ruwan, ya yashe taɓon da ya yi yawa, ya bar ƙasan ta sha rana har ta tsattsage. Hunturu ya dace da wannan aiki ƙwarai. Ana barbaɗa ƙonanniyar farar ƙasa, kimanin giram 100 zuwa 200 a kowace murabba'in mita, tun ƙasan tana da danshi, don kashe ƙwayoyin cuta da rage tsamin ƙasa, sannan a jira kamar mako biyu bayan an cika ruwa kafin a zuba kifi. Ba a zuba wannan irin farar ƙasa a ruwan da ke da kifi, kuma mai barbaɗawa ya rufe hanci da ido ya ba iska baya. Ruwan da aka janye da lakar da aka yashe kada a sake su a kwata su dami maƙwabta. Masu alayyafo da latas da tumatir a bayan gida sun san darajarsu.

Na uku shi ne zurfi da kariya. Ruwa mai yawa ya fi jinkirin yin sanyi, saboda haka a cika tanki ya kai aƙalla mita guda, a riƙa kuma ƙara abin da iska ta shanye. A kafa zana ko buhuna a gefen arewa maso gabas, inda iskar take fitowa. Da yamma a rufe saman tankin da farar leda mai kauri a kan sanduna, a bar tazara tsakaninta da ruwa, a bar kuma kafar da iska za ta shiga, domin tarwaɗa sai ta leƙo ta shaƙa. Da hantsi a yaye wani sashe. Idan akwai bishiya kusa, a shimfiɗa raga ta tare ganyen da ke zuba, wadda kuma za ta hana zalɓe sakat. Wasu suna barin kainuwa a kan ruwa don inuwa da shanye ƙazanta. Tana da amfaninta a bazara, amma kainuwa dashen Allah ce, ba ta jiran izini kafin ta mamaye wuri. A hunturu a rage ta ƙwarai don rana ta sami taɓa ruwan.

Batun canjin ruwa yana da wani sirri da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ruwan da ya fito kai tsaye daga rijiyar burtsatse yana da ɗumi ko a tsakiyar hunturu, domin zafin ƙarƙashin ƙasa ba ya canjawa sosai. Amma wanda ya kwana a tankin sama, ko a buɗaɗɗen duro, da safe ƙanƙara ce kawai bai zama ba. Saboda haka a yi canji da rana tsaka, ko da ruwan da aka buga yanzu, a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama don ya ɗauki iska, tunda ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da oksijin sosai. A canja kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku a lokaci guda. Bambancin digiri uku ko huɗu farat ɗaya ya isa ya gigita ƙananan kifi. Mai amfani da ruwan famfo kuwa ya ajiye shi kwana guda a buɗe don maganin kulorin ya fita.

Buhun Abinci

A nan ne kuɗi suke. An san cewa abinci yana cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da mai kiwon tarwaɗa yake kashewa. Alal misali, mai tarwaɗa 300 masu rabin kilo kowace yana da kifi kilo 150. Idan yana ba su kashi 2 cikin ɗari na nauyinsu, kilo 3 ke nan kullum, buhu mai kilo 15 zai yi masa kwana biyar. A cikin sanyi mai yiwuwa rabin wannan kaɗai za su iya ci. Wanda bai rage ba, yana zubar da rabin buhu a ruwa kowane kwana biyar, kuma kuɗin nasa ne yake komawa guba da takin gansakuka.

A daina ba da abincin sassafe. A jira rana ta ɗaga, tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da huɗu na yamma, lokacin da ruwa ya fi ɗumi. Na san wannan yana da wuya ga ma'aikacin da yake ofis a daidai lokacin, sai dai a koya wa uwargida ko wani yaro mai hankali, a kuma gargaɗe shi cewa ba a auna ƙwazonsa da yawan abin da ya zuba. A watsa kaɗan-kaɗan ana kallo. Da zarar rububi ya lafa, a tsaya. Abin da ya rage yana yawo bayan minti goma sha biyar a kwashe shi. Abinci mai tasowa saman ruwa ya fi dacewa da wannan lokaci ko da ya fi tsada, domin ido yana ganin abin da aka ci. Hanjin kaji da matattun kaji da wasu suke jefa wa tarwaɗa, a hunturu a bar su sam. Ranar da hazo ya yi kauri kuma kifi ya kwanta, a hana shi abinci kwana ɗaya ko biyu. Babu abin da zai same shi. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa cikin ruwa bai kai kuɗin buhu guda ba, kuma zai fi zato gaya wa mutum gaskiya.

Sanyi yana raunana garkuwar jikin kifi, shi ya sa a wannan lokaci ake yawan ganin wani farin abu kamar auduga a jikin waɗanda suka ji rauni. Naman gwari ne na ruwa, kuma ya fi kama kifin da aka wahalar da koma ko hannu. A rage taɓa su. Gishirin girki, kimanin giram 2 zuwa 3 a kowace lita ta ruwa, yana taimakawa, sannan a ware waɗanda suka kamu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗabi'ar nan ta zuwa kemis a sayo kafso na mutane a juye a tanki duk lokacin da kifi ya yi lakwas. Yawancin lokaci ruwan ne ba shi da lafiya, kuma wannan ɗabi'a tana haifar da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani, waɗanda a ƙarshe kanmu za su dawo. Idan abin ya faskara a nemi malamin kifi na Ma'aikatar Gona. Ɗalibai masu son zurfafa bincike kuwa, akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa a Jihar Neja, wadda ta samo asali daga aikin binciken Tafkin Kainji da aka fara a 1968.

Wani gargaɗi ga masu neman ilmin abin a intanet: yawancin abin da za su tarar an rubuta shi ne don Ingila da Amurka, inda ruwa yake daskarewa. Can ana cewa a daina ciyar da kifi gaba ɗaya idan ruwa ya yi ƙasa da digiri 10, a huda ƙanƙara don iska ta fita, a bar kifi ya kwanta a ƙasa inda ruwa yake tsayawa a digiri 4. Kifin ado irin nasu yana jure wannan. Tarwaɗa da karfasa ba za su kai ko kusa ba, kuma hunturunmu ba ya sa kifi barci. Rage masa kuzari kawai yake yi.

Masu ƙyanƙyasa su suka fi kowa jin jiki. Ƙwan tarwaɗa da yake fashewa cikin kamar kwana guda a ruwa mai digiri 28, a ruwan sanyi yakan ɗauki lokaci mai tsawo, da yawa kuma su lalace kafin nan. Wannan ne dalilin da ya sa 'ya'yan kifi suke wuya da tsada a farkon shekara. Wanda ba shi da ɗakin da zai rufe ya ɗumama ruwa, gara ya haƙura da ƙyanƙyasa, ya kuma guji sayen ƙananan 'ya'ya a Disamba. Idan dole ne, ya sayi waɗanda suka ɗan tasa, masu tsawon yatsa ko fiye, ya ɗauko su da rana.

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris hazo zai fara washewa, zafi ya dawo da ƙarfinsa. A makonnin nan gansakuka takan tashi da sauri, domin duk abin da ya taru a ƙasan ruwa cikin sanyi ya zama mata taki, ga shi kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar na sanyi: lita guda tana ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin a digiri 20, amma wajen 7 da rabi kawai a digiri 30. A cire ledar, a sake zuƙe ƙasan tankin, a mayar da inuwa a kan wani sashe, a kuma ƙara abinci a hankali cikin mako biyu, ana tsoma hannu zuwa gwiwa kowace safiya.